Ƙafa Nawa? Kalmar "Legged" da Darasin da Ke Cikinta ga Ɗaliban Ilimin Halittu

Duk wanda ya tsaya da hantsi a shataletalen Gawon Nama, daura da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, zai ga halittu da ababen hawa iri-iri suna kai da kawowa. Ga ɗalibai a ƙasa, ga 'yan kabu-kabu bisa babura, ga keke mai ƙafa uku, ga akuya ta tsinke igiya tana neman tsallaka titi, ga kuma ƙudaje sun yanyame teburin mai nama. Idan aka tsayar da ɗalibin sakandare ɗaya aka ce ya bayyana waɗannan abubuwa da Hausa bisa yawan ƙafafunsu, ba zai yi wata-wata ba: mutum mai ƙafa biyu ne, akuya mai ƙafa huɗu, keke kuwa sunansa ya riga ya faɗa. Amma da zarar an ce ya mayar da maganar cikin Turanci, sai a ji ya kira keken "three-legged". In kuma aka tambaye shi yawan ƙafafun ƙuda, sai ya yi shiru ko ya yi canke, alhali tun yana goye ƙuda ke sauka a fuskarsa.

Kuskure biyu ke nan a wuri ɗaya. Na farko na harshe ne, na biyu kuwa na rashin lura. Asalinsu ɗaya, watau irin koyarwar da ke cika kan yaro da kalmomin Turanci ba tare da an ɗaura kowace kalma a kan abin da idonsa ya gani ba. Kalmar "legged" ƙarama ce, amma littattafan ilimin halittu na sakandare cike suke da ita da danginta. Lalle ne malami ya koyar da ita ta hanyar Hausar da yaro ya iya, ya sa shi ya ƙidaya ƙafafu da kansa, sa'an nan ya nuna masa inda ƙidayar ke taimako da inda take ɓatar da mutum.

Ma'anar Kalmar

"Leg" ita ce ƙafa a Turanci. Ɗalibai da yawa sun taso da ƙa'idar cewa duk kalmar da ta ƙare da "ed" aiki ce da ya wuce, don haka idan suka ga "legged" sai su ɗauka wani abu ne aka yi jiya. Wannan ƙa'ida rabin gaskiya ce. Turanci yana da wata "ed" ta biyu wadda ake liƙa wa suna domin a nuna cewa abu yana da wannan sunan a jikinsa. Aikinta daidai yake da aikin "mai" a Hausa. Mai gemu shi ne "bearded", mai ƙaho "horned", mai fiffike "winged", mai ƙafa kuwa "legged". An ninka harafin "g" ne kawai domin wasalin da ke gabansa ya zauna gajere. Wajen furuci kuwa, akwai masu yanka ta gaɓa biyu, su ce "leg-id", akwai kuma masu haɗiye wasalin ƙarshe su faɗe ta gaɓa ɗaya, duka biyun kuwa ƙamusoshin Turanci sun yarda da su.

Ba kasafai kalmar ke tafiya ita kaɗai ba. Yawanci akan sa mata wata kalma a gaba, a haɗa su da ɗan gajeren layi: "two-legged" mai ƙafa biyu, "four-legged" mai ƙafa huɗu, "long-legged" mai dogayen ƙafafu kamar shamuwa, "cross-legged" wanda ya zauna ya harɗe ƙafafu. Abin lura a nan shi ne, ko ƙafafun nawa ne, kalmar ba ta ɗaukar jam'i. Wannan bai kamata ya ba ɗan Bahaushe wahala ba, domin Hausa ma haka take yi: mai ƙafa huɗu ake cewa, ko da yake ƙafafun suna da yawa. Malamin da ya nuna wa ɗalibai wannan kamanni sau ɗaya ya hutar da su daga kuskuren da jan biro na shekara guda bai gyara ba.

Akwai kuma wasu wurare biyu da kalmar ke fitowa da wata ma'ana. Masu sauraron labarin ƙwallon ƙafa sun saba jin "first leg" da "second leg", inda "leg" ke nufin zango ɗaya na tafiya ko na gasa, saboda haka karawar da ake yi gida da waje ana kiranta "two-legged". A maganar kan titi ta mutanen Ingila kuwa, idan aka ce wane "legged it", ana nufin ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. A nan ne kaɗai "ed" ɗin take ta aikin da ya wuce, kuma irin wannan magana ba ta dace da takardar jarrabawa ba.

Inda Harsunan Biyu Suka Rabu

Kamannin da ke tsakanin "mai" da "ed" ba ya nufin ƙafar Hausa da "leg" ta Turanci faɗinsu ɗaya ne. Ƙafar Hausa ta fi yalwa. Tun daga cinya har zuwa ɗan yatsa, duk ƙafa ce, kamar yadda hannu ya haɗa damtse da tafi. Bature kuwa ya raba: daga cinya zuwa idon sawu "leg", abin da ke taka ƙasa "foot". Har ila yau Hausa tana kiran tayar mota da ta keke ƙafa, Turanci kuwa bai yarda abin da ke gangarawa ya zama "leg" ba. Ke nan keken da ke ɗaukar fasinja daga Gawon Nama zuwa kasuwa "three-wheeled" ne. Kujera 'yar tsugunne mai ƙafa uku da tukunyar ƙarfe ta dafa abincin biki su ne "three-legged", domin a kan ƙafafunsu suke tsaye.

Masana ilimin halittu ba su tsaya a kan Turanci kaɗai ba, sun aro kalmomi daga Latin da Girkanci. A Latin, tushen kalmar ƙafa shi ne "ped", a Girkanci kuwa "pod". Da zarar ɗalibi ya riƙe waɗannan biyu tare da 'yan lambobi, jerin kalmomin da ke ba shi tsoro sai su zama lissafin ɗan aji ɗaya: "biped" ƙafa biyu, "quadruped" ƙafa huɗu, "hexapod" ƙafa shida, "decapod" ƙafa goma, "arthropod" mai ƙafa gaɓa-gaɓa. Wanda bai san tushen ba haddar kalma biyar zai yi, ya manta uku kafin ranar jarrabawa.

Abin da Ƙidaya Ke Nunawa

A Hausar yau da kullum, duk wani ɗan ƙaramin abu mai motsi ƙwaro ne. Sauro ƙwaro, kaska ƙwaro, gizo-gizo ƙwaro, har ƙwayar cutar da ido ba ya gani wasu ƙwaro suke ce mata. Wannan ya wadatar a kasuwa, amma a ɗakin karatun kimiyya yana jawo ruɗani, domin an saba fassara "insect" da ƙwaro, sai ɗalibi ya sa kunama cikin jerin "insects" ya rasa maki. Maganin wannan ruɗani ƙidaya ce.

Abin da masana ke kira "insect" jikinsa kashi uku ne, kai da ƙirji da ciki, ƙafafunsa shida kuma duk a ƙirji suke. Fara, sauro, ƙuda, zuma, tururuwa, gara, kyankyaso, ƙwarƙwata, ƙuma da kuɗin cizo duk 'yan wannan gida ne. Gizo-gizo da kunama da kaska kuwa ƙafa takwas gare su, ba su da fiffike, ba su kuma da 'yan gashin nan biyu na shinshina da ke kan fara. Hannuwan da kunama ke kama abinci da su ba sa cikin lissafin takwas ɗin, domin sassa ne na kusa da baki. Ƙaguwa tana da goma, amma ita almakasanta biyu suna cikin ƙidaya. Shanshani yana da ƙafa biyu a kowace gaɓar jikinsa, ƙadandoniya kuwa huɗu a mafi yawan gaɓoɓinta.

Waɗannan biyu na ƙarshe suna koyar da cewa suna kansa yana iya yin ƙarya. Turawa suna kiran shanshani "centipede", watau mai ƙafa 100, amma babu baligin shanshani lafiyayye mai ƙafa 100 cif, domin yawan tagwayen ƙafafunsa kullum mara ne, daga 15 har zuwa 191, ƙafa 100 kuwa tagwaye 50 ke nan. Ƙadandoniya kuma suna ce mata "millipede", mai ƙafa 1,000, alhali shekaru aru-aru ba a ga wadda ta kai haka ba. Wadda ta fi kowace yawa a sani ita ce wata ta Kalifoniya a Amurka mai 750, sai a 2021 masana suka ba da labarin wata da aka zaƙulo daga ramin haƙar ma'adinai mai zurfin kimanin mita 60 a yammacin Ostareliya, aka ƙidaya mata ƙafa 1,306. Ɗalibin da ya dogara da suna zai amsa 100 da 1,000. Wanda ya duƙa ya ƙidaya ƙadandoniyar da ta fito da damina a bayan ajinsu shi ne ya kama hanyar kimiyya.

Yawan ƙafa yana kuma bayyana yadda halitta ke tafiya. Kowane yaro ya san amsar kacici-kacicin nan na uku-uku ta gama gari, watau murhu. Dutse uku ake kafawa domin abin da ya tsaya a kan wuri uku ba ya girgiɗi ko ƙasa ba ta daidaita ba. Kyankyaso da tururuwa da wannan hikima suke tafiya: suna ɗaga ƙafa uku, uku na ƙasa, biyu a gefe ɗaya ɗaya a ɗaya gefen, sa'an nan su sauya. Murhu biyu ke nan suna karɓa-karɓa. Raƙumin da ake kawowa Kasuwar Kara kuwa, idan ya ɗan saki sauri, ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya yake jefawa tare, shi ya sa mahayinsa ke rangaji dama da hagu.

Inda Ƙidaya Ke Ɓatarwa

Da yawan ƙafa kaɗai ya isa a rarraba halittu, da ilimin ya zo da sauƙi. Magabata sun gwada. An ruwaito cewa a tsohuwar Girka, Aflatun ya bayyana ɗan Adam da cewa halitta ce mai ƙafa biyu maras gashin tsuntsu, sai wani masani mai suna Diyojinis ya fige zakara ya kawo makarantar ya ce ga mutumin da ake magana. Aristotal ya kasa dabbobi masu ƙafa huɗu kashi biyu, masu haihuwa da masu ƙwai. Shi kansa Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin wanda tsarinsa na raɗa wa halittu suna ake bi har yau, a bugun farko na littafinsa a 1735 ya buɗe wani aji ya kira shi na masu ƙafa huɗu, ya kuma sa ɗan Adam a ciki. A bugu na goma a 1758 sai ya watsar da wannan suna, ya kafa ajin dabbobi masu shayarwa, ya ɗauko ƙattin dabbobin teku da ake kira wel daga cikin kifaye ya sa su tare da saniya da jemage. Ya gane cewa nono ya fi ƙafa faɗin gaskiya game da dangantaka. Kama da wane ba ta wane.

Dalilin da ya sa haka ana iya ganinsa a teburin mahauci. A bakin mahauta da yawa, ƙafar gaba ta rago hannu ce, kuma masana ƙashi sun tabbatar musu da wannan magana. Idan aka feɗe ta za a ga ƙashi ɗaya babba a sama, biye da shi biyu waɗanda a jikin rago sun manne da juna, sai tarin ƙananan ƙasusuwa, sai yatsu. Haka tsarin hannun mutum yake. Abin da ake kira gwiwar gaba ta rago ko ta raƙumi daidai yake da wuyan hannun mutum. Rago yana tafiya ne a kan yatsu biyu, doki kuwa a kan yatsa ɗaya tak, na tsakiya, kofatonsa kuma farce ne. Fiffiken jemage tafin hannu ne da yatsunsa suka yi tsawo, fata ta haɗa su. Fiffiken kaza ma hannu ne. Gwiwar shamuwa da ake gani kamar ta juya baya idon sawu ce, gwiwar ta gaskiya tana can sama ɓoye cikin gashi. Masanin Ingila Richard Owen ne ya tsara bayanin wannan daidaito na gaɓoɓi a shekarun 1840.

Saboda haka ne masana suka bambanta kalma biyu da ɗalibai ke gwamutsawa. "Quadruped" bayanin tafiya ne, watau dabbar da ke taka ƙasa da ƙafa huɗu. "Tetrapod" kuwa sunan dangi ne, wanda ya haɗa kwaɗi, masu jan ciki, tsuntsaye da masu shayarwa, duk waɗanda ginin jikinsu na gaɓa huɗu ne ko suka fito daga masu irin wannan gini. Jimina tana cikin dangin ko da yake da ƙafa biyu take gudu. Ayu, wanda ke zaune a kogin Neja da na Binuwai, yana ciki ko da yake ba shi da ƙafar baya, na gaban kuma sun zama filafilai. Maciji ma yana ciki. Wanda ya duba mesa da kyau zai ga wasu 'yan ƙayoyi biyu a gefen mafitar kashinta, sun fi girma a jikin namiji, a ƙarƙashinsu kuma akwai guntayen ƙasusuwa, ragowar ƙafafun baya ke nan. A 2006 an bayyana ƙasusuwan wani tsohon maciji da aka tono a Ajantina wanda ke da ƙafafun baya sosai.

Ƙasar Sakkwato ma tana da nata shaida. Fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, teku ne ya rufe wannan yanki, ya kuma ci gaba da zuwa yana komawa, farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina domin yin siminti ma a ƙarƙashin ruwan teku ta taru. A cikin duwatsun yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, dangin ƙadangare da damo, wadda masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, watau ƙadangaren Goronyo. Dabbobin wannan gida gaɓoɓinsu huɗu sun zama filafilan iyo. Ba za a kira su "four-legged" ba, domin ba su taka ƙasa, amma suna cikin dangin masu gaɓa huɗu. Abin takaici ne a ce ɗalibin Goronyo ya haddace sunayen dabbobin Turai bai taɓa jin wannan ba.

Ko a cikin ƙananan halittu sai an yi hattara. Ɗan kaska da ƙafa shida yake ƙyanƙyashewa, sai ya yi saɓa yake samun takwas. Tsutsar da ke cin ganyen gero tana da ƙafa shida na gaskiya a gaba, sauran dungulmin da ke cikinta na wucin gadi ne. Tsutsar ƙuda ba ta da ko ɗaya. Wasu irin malam-buɗe-littafi a kan ƙafa huɗu suke tsayawa, domin biyun gaba sun ƙanƙance sun naɗe. Gara da tururuwa kowace shida gare ta, gidajensu ma sun yi kama, amma gara ta fi kusa da kyankyaso. Ƙidaya tambaya ce ta farko da mai bincike ke yi. Bayan ta akwai tambayar shekarun halittar, da ta ginin jikinta, da ta yadda take haihuwa.

Abin da Ya Shafi Lafiya

Mai karatu na iya cewa duk wannan hira ce ta masu neman maki. Amsar tana ƙetaren titi, a asibitin da ke Gawon Nama. A ƙarshen 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓullar zazzaɓin denge a Jihar Sakkwato. Sauron da ke yaɗa shi, wanda kuma ke yaɗa shawara, ana gane shi ne da ƙafafunsa: baƙi ne mai zoben fari-fari a ƙafa, yana cizo da rana, yana ƙwai a ruwan randa da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Sauron zazzaɓin cizon sauro kuwa da dare ya fi cizo, idan ya sauka a bango yakan ɗaga bayansa sama. Yaron da aka koya wa duban ƙafa zai iya gaya wa mahaifiyarsa wane sauro ne ke cikin gida, da kuma randar da ya kamata a rufe.

Haka nan akwai wata kaska mai zane-zane a ƙafa da ke kama shanu da raƙuma a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwa, wadda Turawa ke kira "bont-legged", watau mai rodi-rodin ƙafa. Tana iya ɗaukar ƙwayar cutar wani mugun zazzaɓi mai sa zubar jini da ake kira na Kirimiya da Kwango. Ɗan makiyayi ko ɗan mahaucin da ya san haka ba zai murtsuke kaska da yatsunsa ba. Ƙazuwa ma, wadda ke addabar yara a makarantun kwana, wata 'yar mitsitsiyar halitta ce mai ƙafa takwas, dangin kaska, ke haƙa rami a fata.

Kalmar tana shiga maganar jikin ɗan Adam ma. "Bow-legged" shi ne wanda ƙafafunsa suka lanƙwasa waje kamar baka. Ɗan lanƙwasa kaɗan ga yaron da bai wuce shekara biyu ba abu ne da aka saba gani, yakan kuma miƙe da kansa. Idan ya ci gaba ko ya ƙaru, yana iya zama alamar ciwon laushin ƙashi. Littattafan Turai suna danganta wannan ciwo da rashin hasken rana, abin da ba wanda zai ce Sakkwato ta rasa. Binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa a wurin yaran Nijeriya da aka duba, ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci shi ne babban dalili, kuma ba su wannan sinadari ya warkar da su. Ciwo ne mai magani idan an kai yaro asibiti da wuri. Ya kamata kuma malami ya ja kunnen ɗalibai cewa irin waɗannan kalmomi na bayyana gaɓa ne a gaban likita, ba su zama laƙabin tsokanar ɗan'uwa ba.

Kira ga Malamai

Akwai malamai masu kishin aikinsu da ke ganin cewa tunda da Turanci ake rubuta jarrabawar WAEC da ta NECO, duk mintin da aka ɓata ana bayani da Hausa an cuci yaro ne. Damuwarsu tana da tushe, domin ɗalibin da bai iya rubuta "six-legged" ba ba za a ba shi maki don ya san abin a zuciyarsa ba. Sai dai yaron da ya kira keke "three-legged" ba ƙarancin jin Turanci ne kaɗai ya kayar da shi ba. Da Hausa yake tunani, yana fassarawa a ɓoye, ba kuwa wanda ya taɓa zama da shi ya nuna masa inda ƙafar Hausa ta ƙare da inda "leg" ta fara. Hana Hausa shiga aji ba ya hana ta zama a kan yaro, sai dai ya hana malami ganin inda kuskuren yake. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarbanci aka kuma koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa yaran ba su koma baya a Turancin ba.

Abin da ake buƙata ba ya cin kuɗi. Malami na iya sa ɗalibai su kamo fara da kyankyaso da gizo-gizo da ƙadandoniya a cikin kwalabe, ban da kunama da shanshani, waɗanda hoto ya wadatar a kansu. A sayo ƙafar rago da fiffiken kaza a wurin mahauci, a dafa, a fitar da ƙasusuwan, kowa ya gwada su da hannunsa. Kowane ɗalibi ya ja layi uku a littafinsa: sunan Hausa, yawan ƙafar da ya ƙidaya da idonsa, sai kalmar Turanci a ƙarshe. Wajen bayani kuma a daina barin kalmar ƙwaro ita kaɗai, a riƙa cewa ƙwaro mai ƙafa shida, dangin gizo-gizo masu ƙafa takwas, dangin ƙaguwa, dangin shanshani. Malaman Turanci da na ilimin halittu su riƙa tuntuɓar juna, domin darasin "ed" mai ma'anar "mai" na ɗayansu ne, dabbobin da za a yi misali da su kuma na ɗayan.

Su kuma ɗalibai, kada su jira sai an kawo musu kayan gwaji daga waje. Gani ya kori ji. Ƙudan da ya sauka a kan teburi yana tsayawa ya goge ƙafafunsa na gaba, lokacin ya isa a ƙidaya su. Wanda ya saba wa kansa da tambayar ƙafa nawa, sa'an nan ya bi ta da tambayar ko ƙafar gaskiya ce, ya riga ya fara aikin da masana ke yi a jami'a, ko da kuwa yana aji ɗaya na sakandare.